Ɗari, Ruwa da Batir: Nazarin Kwanan Waje a Hunturun Zamfara

A ƙarshen Disamban 1823 wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suna cikin ayarin fatake da ya taso daga Kukawa ta Barno ya nufi Kano. Wata asuba suka farka a zango suka tarar ruwan da ya kwana a ƙananan mazubai ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunan ruwa kuma sun sandare. Clapperton ne ya rubuta haka a labarin tafiyarsa. Oudney, wanda dama ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, bai ga Kano ba, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824. Abokin tafiyarsa ya wuce, ya ratsa ƙasar Zamfara, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris.

Mutumin Gusau ko Tsafe ko Bungudu da ya ji wannan labari zai yi jim. Mun san ɗari, mun san jaura mai fasa leɓe da dunduniya, amma ba mu saba tashi mu ga ruwan bokiti ya daskare ba. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi a yankin Gusau kan sauko wajen digiri 15 da asuba, a wasu darare ya gangara ya kusanci 10, ruwa kuwa sai a sifili yake daskarewa. Duk da haka labarin Clapperton bai saɓa wa kimiyya ba. Kowane abu mai ɗumi yana sakin zafinsa zuwa sama ta wani irin haske da ido ba ya gani. Gajimare da laimar iska su ne ke maido da wani kaso ƙasa. A daren hunturu da hazo ya washe, iska ta kwanta, babu gajimare babu laima, abin da ya tafi ya tafi ke nan, har ruwa mara zurfi ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da digiri da dama. Ga kuma busasshiyar iska da ke shan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin salka, tana tafiya da zafinsa. Da dabarar farko mutanen Iran da arewacin Indiya suka daɗe suna yin ƙanƙara a faffaɗan mazubai da dare, alhali iska ba ta kai sifili ba. A arewa da mu, a duwatsun Azbin da hanyar ayarin gishiri ta Fachi da Bilma, daskarewar ruwa a tsakiyar hunturu ba baƙon abu ba ne.

Wannan ya shafi randa kai tsaye. Tsattsafowar da ke sanyaya ruwanta a bazara, wadda Muhammad Bah Abba na Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya a kanta har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, ita ce dai ke mayar da ruwan alwalar asuba abin gudu a Janairu. Haka nan wurin kwana yana da tasiri. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarawa ta taru a kwari, don haka mai noman rani da ke gadin injin ban ruwa a fadamar gulbin Sakkwato kusa da Bungudu ya fi shan ɗari a kan wanda ya kwana a tudu a gindin dutsen Kwatarkwashi, inda dutsen ke ta sakin zafin da ya sha da rana.

A ƙasashen dusar ƙanƙara masu zuwa yawon shaƙatawa a daji suna da wata ƙaramar fasaha da suka ƙware a kanta: ƙananan hita masu cin wuta kaɗan, wat 5 ko 10 ko 20, da ake liƙa wa tankin ruwa ko akwatin batir don kada su daskare kafin gari ya waye. Su ganin dama ke kai su daji. A nan kuwa masu kwanan waje wasu ne daban: makiyayi a ruga, direban babbar mota da dare ya riske shi tsakanin Funtuwa da Gusau ya yada zango a Tsafe, maigadin kasuwa, almajiri a zaure mara ƙyaure. Sama da shekara goma kuma an sami ƙarin wasu da yawansu ya fi na duk waɗannan tayar da hankali, wato iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, suna kwana a kangaye da makarantu da tashoshin mota, da waɗanda ke barin gida da magariba su ɓuya a jeji har asuba. Lissafin da mai yawon shaƙatawa ke yi don tankinsa shi ne ya kamata a yi don waɗannan mutane, kuma idan aka yi shi da gaskiya sakamakonsa guda ne: tsare zafin da ake da shi ya fi samar da sabo araha nesa ba kusa ba, lantarkin batir kuma ya fi ƙarfin a ƙone shi wajen neman ɗumi.

Bari mu fara da ruwa, domin shi ne ya fi kowane abu na gida taurin kai wajen karɓar zafi. Ma'aunin da za mu yi amfani da shi shi ne wat-awa, wato aikin wat ɗaya na tsawon awa ɗaya; yunit ɗaya na mitar wuta wat-awa 1,000 ne. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Wanda ke son jarkar lita 20 ta tashi daga digiri 15 zuwa 40 don wanka yana bukatar wat-awa 580. Hitar bokiti mai wat 1,000 za ta gama wannan cikin minti 35 idan akwai wutar gwamnati. Hita mai wat 10 kuwa sai ta yi awa 58, kuma ba za ta taɓa kaiwa ba, don zafin na tserewa ta jikin jarkar tun kafin ya taru. Tafasa lita ɗaya tak daga digiri 15 yana cin kusan wat-awa 100. Fawabank ɗin da aka rubuta wa 10,000 a jiki wat-awa 37 ne a cikinsa, abin da ke fitowa ta wayar caji ma bai kai haka ba. Ko rabin lita ba zai tafasa ba. Babban batirin sola na dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma rabinsa kawai ake so a ci in ana son ya yi kwana, wato 1,200. Jarkar wanka ɗaya ta lashe kusan rabin wannan.

Kwatanta da itace. Kilo ɗaya na busasshen itace yana da zafi kusan wat-awa 4,000, gawayi kuma kusan ninkin haka. Murhun duwatsu uku mai ɓarna ne, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ke shiga tukunya, amma ko da wannan ɓarnar kilo ɗaya na itace ya isa ya ɗumama jarkar nan, ko ya kusa. Wannan ne ya sa duk yaɗuwar sola a Gusau ba ta kori mai itace da mai gawayi ba, kuma ba za ta kore su ta hanyar hita ba.

To me ya sa ƙaramar hita ke aiki wa mutanen ƙasashen sanyi? Saboda aikin da suka ba ta ƙarami ne. Ba sa nemanta ta ɗumama ruwa, suna nemanta ta cike gurbin zafin da ke yoyo kawai, kuma sun riga sun toshe yoyon. Ɗauki akwati mai faɗin jiki rabin murabba'in mita, a ce cikinsa ya fi waje ɗumi da digiri 20. Idan ba a lulluɓe shi da komai ba zai riƙa zubar da kusan wat 100. Idan aka kewaye shi da soso irin na kula mai kaurin santimita 5, zubar ta koma wat 7. A dare mai awa goma bambancin shi ne tsakanin wat-awa 1,000 da 70. Kunna hita ba tare da lulluɓi ba ɗibar ruwa ne da kwando. Ruwan kansa ma yana taimakon mai shi: kafin lita ɗaya da ta kai sifili ta zama ƙanƙara gaba ɗaya sai ta zubar da ƙarin wat-awa 93, daidai da zafin da zai ɗaga ta da digiri 80. Shi ya sa cikakkiyar jarka ke kwana lafiya inda ruwan faranti ya daskare.

Misali mafi nisa shi ya fi fito da ƙa'idar fili. Motocin bincike biyu da hukumar NASA ta Amurka ta sauke a duniyar Mars a 2004, Spirit da Opportunity, sun riƙa kwana a sanyin da kan kusanci digiri 100 ƙasa da sifili. Batiransu da na'urorinsu suna cikin akwati mai ingantaccen lulluɓi, a ciki akwai ƙananan maɗumama takwas masu aiki da sinadarin nukiliya, kowace tana ba da wat ɗaya kacal, sai hitocin lantarki da ke agaza musu. Opportunity ta yi aiki har 2018. Fulas ɗin shayi da ke kowane gida a Tsafe ɗan gidan wannan tunani ne. James Dewar ya ƙirƙiro asalinsa a 1892, kwalba cikin kwalba da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu.

Batir kuwa labarinsa ya fi rikitarwa, kuma a nan ne nake ganin muna yi wa hunturu ƙazafi. Batir tukunyar sinadarai ce, sinadarai kuma sanyi na rage musu sauri. Batirin dalma, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859 kuma har yau shi ke tayar da motoci da babura, ana auna ƙarfinsa ne a wajen digiri 25. A sifili yakan rasa kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. A sanyin Gusau na digiri 12 asarar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba, abin da lafiyayyen batir ba zai ko ji a jikinsa ba. Amma kowa ya san asubar Janairu: ɗan kabu-kabu na ta dukan kik, direba na neman yaran tasha su tura. Wani ɓangare na matsalar daga inji ne, domin baƙin mai ya yi kauri, fetur kuma ba ya saurin zama tururi. Sauran daga batirin da ya riga ya mutu rabi ne tun bazara. Ƙa'idar da masu ƙera batir ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana yanke rabin shekarun batirin dalma. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke kai 40, ruwan batir na ƙafewa, farantan ciki na cinyewa. Zafi ne ya yi kisan. Ɗari tona asiri kawai ya yi.

Batun daskarewar batirin kansa bai taso ba a nan. Mai cikakken caji ruwansa ba ya daskarewa sai an wuce digiri 50 ƙasa da sifili. Wanda cajinsa ya ƙare, da yake ruwansa ya koma kusan ruwa zalla, yana iya daskarewa tun wajen 10 ƙasa da sifili, ya kumbura ya fasa gidansa. Direban da ke ratsa Azbin a Janairu zai so ya san wannan. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991 kuma yanzu yake cikin kowace waya da sababbin inbata, nasa rauni daban ne: ba a so a yi masa caji ƙasa da sifili, don ƙarfen litiyam kan taru a fuskar farantin ciki, ya rage masa ƙarfi har abada, wani lokaci ya haddasa gajeriyar hanya ta wuta a ciki. Saboda haka ake sayar da wasu da hita a jikinsu, wadda ke jan wuta daga caja ta ɗumama batirin kafin caji ya fara. Mai sayen batirin inbata a Gusau ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗin wannan. Inuwa da shigar iska batirinsa ke bukata, da nisanta shi daga ɗakin kwanon da rana ke gasawa. Abin da hunturu ke yi wa sola da gaske shi ne ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Cadi, ta dushe rana, ta kwanta a kan farantin sola, batir ya kwana da rabin caji. Batirin dalma kuwa ba abin da ke tsufar da shi kamar zama babu cikakken caji. Tsumma da ɗan ruwa da safe sun fi kowace hita amfani.

Akwai abin da bai kamata Bazamfare ya wuce shi ba tare da ya tsaya ba. Mataccen batirin mota cike yake da dalma, kuma jihar da ta binne yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 saboda gubar dalma daga dakan duwatsun zinare ta san abin da wannan ƙarfe ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Fasa batir ko narka shi a tsakar gida ƙofa ce ta wannan masifa.

Tunda batir ba na neman ɗumi ba ne, ɗan lantarkin da mai kwanan waje ke da shi na fitila da waya ne. Ga wanda ke ɓoye a jeji, waya ce ke gaya masa ko hanya ta buɗe, ita ce kuma yake kiran taimako da ita. Mutanen Zamfara sun ɗanɗani rashinta lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar a Satumban 2021. Wat-awa 37 ɗin da ba za su tafasa rabin lita ba sun isa cajin ƙaramar waya sau da dama, ko kunna tocila darare masu yawa. Tsohon batirin waya yakan faɗi da sauri a sanyi, maganinsa kuma aljihun ciki ne, kusa da jiki.

Jikin nan shi ne hitar da aka fi mantawa da ita. Baligi a kwance yana fitar da zafi wajen wat 80, ninki takwas na ƙaramar hitar nan mai wat 10, kuma abinci ne mansa. Tambayar ita ce ina zafin ke tafiya. Kaso mai yawa ƙasa ke sha, musamman daɓen siminti na aji ko kango, inda tabarmar roba ba ta tare komai. Kwali, buhu da aka cusa wa harawa ko ƙaiƙayi, ko gadon kara irin na makiyaya da ke ɗaga mutum daga ƙasa, kowannensu na iya fin ƙarin bargo na sama amfani. Sai iska, wadda zana ko danga ke karyawa. Sai sararin sama: ko rumfar kara ce a bisa kai tana hana wannan tserewar zafi da ta daskarar da ruwan ayarin su Clapperton. Bukkar Bafulatani, ƙarama, gajeriya, mai ƙofar da sai an sunkuya, ta haɗa duka ukun. Ruwan zafi da aka dafa da magariba aka zuba a fulas yana kai asuba da ɗuminsa. Lita ɗaya da rabi a gora mai kauri da aka naɗe da zane, in ta sauko daga digiri 70 zuwa 35, ta ba da wat-awa 60 cikin bargo, fiye da abin da ke cikin fawabank ɗin nan baki ɗaya.

Ga jarirai da yara masu tamowa lissafin ya fi tsanani, kuma su ne suka fi yawa a inda 'yan gudun hijira ke kwana. Jikinsu ƙarami ne, ba kitse, ba ajiyar abinci, suna iya sanyaya ƙasa da digiri 35 a daren da babba ke jin sanyi-sanyi kawai. Hana sanyayar jiki na cikin matakan farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wajen jinyar tamowa mai tsanani. Gorar ruwan zafi ba ta dace da su ba, don fatarsu na saurin ƙonewa. Abin da ake so shi ne a manna yaro a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe kansa, a lulluɓe su tare, a ci gaba da ba shi nono ko abinci cikin dare. Wankan asuba da ruwan randa a Janairu yana iya jira har rana ta ɗaga.

Kaskon gawayi shi ne abin da nake tsoro fiye da ɗarin kansa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki, ko cikin bukkar leda da aka toshe kafofinta da tsumma, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini na kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 ko sama. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, mutum ya wuce daga nan. Duk ƙoƙarin toshe iska da ke ƙara ɗumi yana ƙara wannan haɗari. A ji ɗumi a waje ko a buɗaɗɗen wuri, a fitar da kasko kafin a kwanta. Janareta ma haka.

Akwai wuri guda a Zamfara da ƙanƙara ke ɓarna da gaske, kuma hannun mutum ne ke yin ta: akwatin rigakafi. Yawancin allurai ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Hankalin kowa na kan zafi, don haka ma'aikacin da zai fita ƙauyukan Tsafe ko Bungudu a kan babur yakan ga kamar yawan ƙanƙara shi ne yawan kulawa. Amma allurar penta da ke kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta da sauransu, da ta sarƙe-haƙora da ake yi wa masu ciki, suna da sinadarin alminiyam da ke dunƙulewa in ya daskare, kuma narkewa ba ta maido da ƙarfinsa. Ɗigon shan-inna na baki yana jure daskarewa, su ba sa jurewa. Gorar ƙanƙara da ta fito daga firiza tana iya kai digiri 20 ƙasa da sifili; kwalbar da ta jingina da ita ta lalace ba tare da kamanninta ya nuna wa mai kallo da sauri ba. Firjin da aka saita don zafin Afrilu shi ma kan zarce sifili a daren hunturu in ba a duba ma'auninsa safe da yamma. Sababbin firjin sola na asibitocin karkara, waɗanda ba su da batir sam, suna ajiye ƙarfin rana ne a matsayin ƙanƙara a bangonsu, wato wat-awa 93 ɗin nan na kowace lita, kuma an raba ta da ɗakin allura don kada allurar ta daskare. Ƙa'idar aiki ita ce a fitar da gorar ƙanƙara a ajiye ta har sai an girgiza an ji motsin ruwa a ciki kafin a sa ta a akwati. In an yi zargin wata kwalba ta daskare, sai a ɗauki irinta a daskarar da ita da gangan, a bar ta ta narke, a girgiza su tare a ajiye gefe da gefe. Wadda gurbinta ya kwanta da sauri kamar na wadda aka daskarar, ko ya riga shi, ba a yi wa yaro allura da ita.